Hoton gona da faɗuwar rana: sama tayi fari, ƙasa tayi baƙi, ina mafita?

Ɗan Ɗambatta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar hoto ku taimaka min da shawara. Ni ba mai hoto bane, tela ne ni a cikin Kano, amma akwai abinda ya tsaya min a rai. Mahaifinmu Allah yayi masa rasuwa bara, kuma an tsayar da magana za'a raba gonarsa da zarar an cire amfanin bana, na kuma san wasu daga cikin 'yan'uwa sayarwa zasuyi don masu yanka filaye sun riga sun iso har bakin titi. Gonar tana yamma da gari, akwai wata tsohuwar kuka a tsakiyarta da ɗorawa biyu akan iyaka, a gindin kukar nan Baba yake zama bayan la'asar da butarsa da rediyonsa har sai rana ta kusa faɗuwa sannan ya taso. So nake in samu hoton wajen a daidai wannan lokacin, yadda nake ganinsa tun ina yaro, in ajiye wa yarana kafin a zuba bulo a wajen.

Sau biyu ina zuwa, Tecno Camon ce wayata. Da ido zakaga sama tayi ja tayi ruwan goro, kan dawa yana ƙyalli, amma ina ɗauka sai sama ta fito fari fat kamar takarda, in kuma na taɓa sama a sikirin sai launin ya dawo amma gonar gabaɗaya ta koma baƙi ƙirin ko dawar baka gani. Na gwada jawo ranar kusa, nan ma hoton ya dagargaje. Kafin in gama ƙoƙarin gyarawa rana ta shige an kira salla. Yanzu muna tsakiyar Oktoba, an gama da gero, dawa ce kawai a tsaye kuma wata mai zuwa za'a yanke. Shin wayar ce bata da kyau, in nemi hayar babbar kyamara ne? Ko kuwa nine ban iya ba?

Mai Hoto Samaru:

Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Ɗan'uwa kar ka kashe kuɗinka a hayar kyamara, wlh ko Canon aka baka indai yadda kake ɗauka zaka ɗauka abinda zaka samu kenan. Matsalar itace idon mutum yana iya ganin waje mai haske sosai da waje mai duhu a lokaci ɗaya, ita kuwa kyamara bata iyawa, dole ta zaɓi ɗaya, in ta bi hasken gona sai sama ta ƙone in ta bi hasken sama sai gona ta mutu, toh kai kuma ka fuskanci rana kai tsaye wanda shine mafi wahalar yanayi.

Farko dai ka goge idon kyamarar da gefen rigarka mai laushi, mutane suna raina wannan amma maiƙon yatsa shine yake sa rana ta fito da wani hayaƙi a kewaye da ita. Sannan ka kunna HDR, abinda yakeyi shine yana ɗaukar hoto fiye da ɗaya da haske daban daban ya haɗe su, zai ɗan ceto maka gonar. In ka saita sai ka danna yatsa a sikirin ka riƙe har ya kulle fokas, kar ka danna kan ranar kanta, danna gefenta inda sama take da launi, zakaga wata 'yar alamar rana ta fito sai ka jata ƙasa kaɗan kaɗan har jan ya dawo. Gara hoto ya ɗan yi duhu da yayi fari, don duhu ana iya ɗago shi daga baya a manhajar gyaran hoto ta Snapseed amma inda ya ƙone yayi fari babu abinda ya rage a ciki, ko waye ba zai dawo dashi ba.

In kana so ka ƙara gaba shiga ɓangaren Pro na kyamarar inda kai kake saita komai da hannu, sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take karɓar haske, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100 duk wanda wayar ta bayar, sannan ka cire WB, wato saitin daidaita launi, daga kan A inda wayar take zaɓa da kanta, ka maida shi alamar gajimare, don in ka barshi wayar tana ganin jan nan kamar kuskure ne sai ta dinga wanke shi, shi yasa kake ganin launin ya dushe. Maganar jawo hoto kuwa ka barta gabaɗaya, yawancin wayoyinmu yanka hoton kawai sukeyi su buɗa shi, in kana son abu ya matso ka taka da ƙafarka.

Kuma tunda Allah ya baka kuka, ka ɓoye ranar a bayanta. Ka zagaya har gindin kukar ko wani reshe ya tare ranar, nan take zakaga wayar ta samu nutsuwa, kukar zata fito baƙa akan jan sama, wannan baƙin ba aibu bane shine kyan hoton, amma ka durƙusa ƙasa sosai don rassan su fita sarari kar su cakuɗe da duhun dawa.

Baba Mai Yashica:

Allah ya gafarta wa mahaifinka yaro. Na karanta bayanin malamin Samaru, duk daidai ne, amma zan ƙara maka abinda shekaru suka koya min. Mu da muka fara aikin nan da fim, hoto 36 ne a nadi ɗaya, kuma ba zakaga abinda ka ɗauka ba sai an wanke an fito da dodon hoton, saboda haka bamu danna sai mun tsaya mun kalli haske tukuna.

Kace kana son wajen yadda kake ganinsa tun kana yaro. Toh ka tambayi kanka, lokacin da kake zuwa kai wa mahaifinka saƙo a gindin kukar nan, rana kake kallo? Ba wanda yake tsayawa ya ƙura wa rana ido. Abinda ka gani shine hasken da ta zuba a kan kaya, jan da yake hawa jikin kuka, inuwar da take miƙewa har ta tsallake kunya goma, zangarniyar dawa da take komawa kamar an shafa mata manja. Duk wannan yana bayanka lokacin da kake fama da rana. Ka juya mata baya, ko mafi kyau ka barta a kafaɗarka ta dama ko ta hagu, hasken ya shigo ta gefe, a nan ne kowace kunya zata fito da tudunta da kwarinta, ɓawon kuka ya nuna tsufansa. A wannan tsayuwar wayarka ba zata sha wahala ba sam, don sama da ƙasa haskensu ya kusa zama ɗaya.

Na biyu kana zuwa a makare. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana a miƙe take sauka, bata yin jan ƙafa irin na ƙasashen Turawa inda almuru yake daɗewa. A Kano yanzu wajen shida da 'yan mintuna take faɗuwa, zuwa tsakiyar Nuwamba ma kafin shida ta cika ta shige, sai da damina wajen Yuli ne take kaiwa kusan bakwai saura biyar. Daga faɗuwarta zuwa duhun da waya zata kasa aiki bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Saboda haka kana idar da la'asar ka kama hanya, biyar saura ta same ka a gonar, ka zaga ka zaɓi wuraren tsayuwarka guda biyu ko uku tun da sauran rana, kar ka bari sai haske yayi kyau sannan ka fara neman inda zaka tsaya. Ga ma'auni da ba ya buƙatar agogo, miƙa hannunka gaba ka jera yatsu huɗu a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa, in yatsu huɗun sun cike gurbin toh kusan rabin awa ya rage maka, kuma wannan rabin awar itace gaba ɗaya kasuwar.

Abinda yasa take yin ja kuwa, idan ta sauko haskenta sai ya ratso iska mai kauri sosai kafin ya iso gare mu, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su suke isowa. Shi yasa ranar da akwai 'yan giza-gizai a sama can sama, bayan ta shige da kamar minti biyar zuwa goma sai kaga sun kama wuta, sau da yawa ya fi faɗuwar kanta kyau. Na san nan ne ake kiran salla, kuma magariba bata jira. Abinda nake yi shine in tafi da buta da abin salla, in yi alwala tun da wuri, in ɗauki abinda zan ɗauka a mintunan farko in yi sallata a nan gona kamar yadda manoma suke yi, in na sallame jan shafaƙi yana nan bai gama ɓacewa ba. A wannan lokacin hannu baya iya riƙe waya ba rawa, sai ka jingina ta a kan dutse ko kututture ka tokare ta da takalminka, ka sa taima na sakan uku ka janye hannu.

Kuma ka lura da ƙafarka, kaka ce, kububuwa tana son tarin kara da yamma. Sa takalmi rufaffe ka riƙe tocila ta dawowa.

Yaron Zamani:

Oga duk wannan wahalar ta me, akwai manhajojin da zasu cire maka saman gabaɗaya su sa maka wata mai kyau ja jawur cikin sakan biyar, ka ɗauka da rana tsaka ma in kaga dama ka turo min in haɗa maka kyauta.

Maman Ummi:

A'a ƙanena, ai ba hoton bangon waya yake nema ba, gonar mahaifinsa ce. In aka liƙa masa saman wata ƙasa, ranar da 'ya'yansa suka girma me zai ce musu? Gyaran haske daban, canja sama daban.

Malam Allah ya jiƙan Baba. Ni ba gwana bace amma na daɗe ina ɗaukar hotuna a garinmu ta wajen Kazaure duk lokacin da naje ganin gida, kuma abinda na lura dashi shine hotunan da nake komawa ina kalla ba na fili zalla bane, sai wanda akwai rai a ciki. Wanda nafi so har yau na goggota ne a masussuka tana shiƙar gero dab da magariba, ta ɗaga ƙwarya sama, ranar tana bayanta, ƙaiƙayin da iska ke ɗauka duk ya kama haske kamar garin zinare, fuskarta ma bata fito ba sai surarta da ɗankwalinta amma duk wanda ya santa yana gani zai ce wance ce. Allah yayi mata rasuwa shekara uku kenan, yanzu kowa a dangi yana da hoton nan. Toh kai ma ka duba, ko akwai ƙaninka da zai tsaya da fartanya, ko amalanke ɗauke da damin gero, ko ka ɗauko butar Baba da rediyon in suna nan ka ajiye su a inda yake ajiyewa.

Amma dan Allah maganar izini. Ko da garinku ne, mata a masussuka ko a bakin rijiya basa son a ɗaga musu waya haka kawai, kuma suna da gaskiya don sun san hoto yana yawo yanzu. Ka gaisa tukuna, ka faɗi dalilinka, in an ce a'a ka haƙura, in an yarda ka nuna musu abinda ka ɗauka, kuma kar ka sa a Facebook sai sun sani.

Sai abu na ƙarshe, waya ba ma'aji bace. Tawa ta taɓa faɗawa ruwa na rasa hotunan shekara biyu. Wanda yayi maka kyau ka kai a wanke maka shi babba a sa a firem, kuma in zaka tura wa mai wankin ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba matse shi yake yi, wajen jan saman nan sai ya fito layi layi.

Bagobiri Maraɗi:

Salamu alaikum, Allah shi jiƙan tsoho. Ni abin da zan ce maka ka yi sauri, don in hazo ya sauko labari ya canza. Ƙurar nan daga arewacin Chadi take tasowa, wurin da ake kira Bodele, mu nan Nijar muna riga ku ganinta. In ta yi kauri cikin Disamba da Janairu rana ba ta kai ƙasa, tun tana sama za ka ga ta koma kamar faifai fari ko ja-ja, sannan ta ɓace cikin toka, babu dogayen inuwa babu wutar giza-gizai. Shi ma yana da kyawonshi, na ɗauki irinshi a bakin tabkin Madarunfa da masu kwale-kwale, amma ba shi ne kake nema ba. Yanzu da ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba iska tana da tsabta, sati biyu ukun nan su ne naka.

Amma kar ka ce sau ɗaya ka gama. In an yanke dawa ka koma, lokacin kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara da 'ya'yanta suna reto, a nan ne siffarta take fitowa. In akwai gawo kusa ka duba shi, shi nashi a juye yake, da damina ya kaɗe da rani ya yi kore shar. Kuma ka sani inda rana take faɗuwa yana matsawa kudu kullum har ƙarshen Disamba, wurin da ka tsaya yanzu ta ɓuya bayan kuka, nan da wata guda sai ka ɗan gusa.

Abu guda da ya taɓa samuna, wani ƙauye munka tahi da abokina, ba mu gaida kowa ba munka hau tudu muna ɗaukar hanya da shanu, sai ga 'yan sa-kai sun kewaye mu, sun ɗauka masu kai rahoto ne. Sai da mai gari ya duba salular hoto bayan hoto kana anka sallame mu, dare ya yi. Ban ga laifinsu ba, mutane sun ga tashin hankali. Kai garinku ne, amma duk wanda zai je inda ba a san shi ba ya fara da ƙofar mai unguwa, ya nemi ɗan gari ya raka shi, kuma kar duhu ya same shi a hanyar daji.

Ɗan Ɗambatta:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, na dawo da labari. Naje Asabar na kwana, nayi yamma biyu a gonar. Ranar farko biyar saura kwata ina wajen, na zaga kamar yadda Baba Mai Yashica yace, na auna da yatsu kuma wlh haka ne, yatsu huɗu rabin awa. Da na juya wa rana baya sai da jikina yayi sanyi, don abinda nake nema tun farko shine a gabana, inuwar kukar ta miƙe har ta kusa taɓa ɗorawar kan iyaka, jikinta yayi ja, kuma wayar ta ɗauka yadda yake ba tare da na taɓa komai ba sai ɗan rage haske. Na ɗauko butar Baba daga ɗakinsa na ajiye a kan saiwar da yake jingina, rediyon ne ban samu ba ance wani ya ɗauka.

Ranar Lahadi kuma Allah ya kawo wani yaron Fulani yana koro shanu ta burtalin da ya bi ta bayan gonar, mun san babansa, nayi masa magana yace ba komai. Ƙurar da suka tayar ta shiga tsakanina da rana duk tayi ruwan zinare, ƙahonin kawai kake gani da sandarsa a kafaɗa da hannayensa biyu a rataye a kanta, na durƙusa na ɓoye ranar bayan kuka na danna kusan sau ashirin, biyu ne suka fito tas. Nayi magariba a gindin kukar, bayan na sallame na gwada na jingina waya da taima amma ranar babu giza-gizai sosai, ja ne kawai siriri a ƙasan sama.

Da daddare na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallon na butar batace komai ba, sannan ta sa yatsa a kan wani ɗan kogo a jikin kukar tace nan yake sa goronsa. Ni ban ma taɓa sani ba. Tace in wanko mata babba. Yayanmu ma da ya gani yace a bar maganar wanda zai samu ɓangaren kukar sai an sake zama.

Tambaya ɗaya ta rage, duk hoton da ranar ta fito a fili akwai wani ɗigo kore ƙarami da yake fitowa a kan dawa, har a ɗaya daga cikin na shanun. Na goge gilashin sosai amma yana nan. Wayar ce ta samu matsala?

Mai Hoto Samaru:

Masha Allah, naji daɗin wannan labari. Wayarka lafiyarta ƙalau, hasken ranar ne yake bugawa tsakanin gilasan cikin kyamarar ya dawo, har manyan wayoyi suna yi. In ka lura kullum kishiyar inda ranar take yake fitowa, rana a sama ta dama shi kuma a ƙasa ta hagu. In zaka ɗauka ka ɗan karkata wayar a hankali kana kallonsa, zakaga yana tafiya, in ka kawo ranar tsakiyar hoto sai ya hau kanta ya ɓace, ko kuma ka kai shi kan wani waje mai duhu marar tarkace inda gogewa zata yi sauƙi. Wanda ka riga ka ɗauka ka buɗe shi a Snapseed, akwai abin gogewa mai alamar filasta, ka buɗa hoton sosai da yatsu biyu sannan ka taɓa ɗigon sau ɗaya kawai, kar ka shafa da faɗi don zai kwafo kan dawar gefe ya ninka shi. Ka fara yin kwafi kafin ka taɓa na asalin. In kaje yankan dawa ka gwada ɗaya daga kan tudun bakin burtalin, yadda garin da hayaƙin girkin yamma zasu shigo ta bayan kukar.